Yabon Gwani Ya Zama Dole: Jami'o'inmu Su Karrama Masu Kawo Labarin Karkara



Ra'ayinmu na wannan mako a kan lambar yabo ne. Kowa a nan ya san ranar rabon kyaututtuka. Ana kiran wanda ya yi na ɗaya a lissafi, ana kiran wanda ya fi tsafta, ana kiran gwanin tsere. Duk wanda ya ga an miƙa wa ɗan ajinsu littafi ana tafi, ya kan koma gida da niyyar ƙara himma. Abin da aka yaba a bainar jama'a, shi yara ke son su zama.

To, mu 'yan Ƙungiyar 'Yan Jarida muna da kira ga jami'o'in da ke kusa da mu. Muna so su ware lambar yabo ta shekara-shekara domin 'yan jarida da ma'aikatan rediyo da talabijin da suka fi kowa kawo sahihin labarin ƙauyuka da Hausa. Za mu kawo dalilanmu, sannan mu kawo abin da masu ja da mu za su ce, mu ba su amsa.

Yadda jami'o'i ke yi a wasu wurare

A ƙasar Amurka akwai manyan lambobin yabo uku na aikin jarida waɗanda jami'o'i ke riƙe da su.

Ta farko ita ce kyautar Pulitzer. Wani mai gidan jarida ne, Joseph Pulitzer, ya bar wasiyyar kuɗi ga Jami'ar Kolumbiya da ke birnin Niyok. Ya rasu a 1911, aka fara ba da kyautar a 1917, kuma har yau ana bayarwa. A 2005 wani ɗan Najeriya mai suna Dele Olojede ya same ta. Abin da ya yi shi ne ya tafi Ruwanda shekara goma bayan kisan ƙare-dangin 1994, ya zauna da waɗanda suka tsira, ya rubuta yadda suke rayuwa bayan duniya ta daina maganarsu.

Ta biyu ita ce kyautar Peabody, wadda ke hannun Jami'ar Jojiya. An fara ba da ita a 1941 domin shirye-shiryen rediyo, daga baya aka haɗa da talabijin. Tana da wata doka da ta burge mu. Ba a ba wani shiri kyautar sai duk alƙalan sun amince, babu ko ɗaya da ya noƙe. Sashen binciken Afirka na BBC ya taɓa samunta saboda wani aiki da ya yi a 2018. Wani bidiyo ne ya yaɗu na sojoji suna kashe mata biyu da yara biyu. Gwamnatin Kamaru ta fara cewa ƙarya ne. Masu binciken suka duba siffar duwatsun da ke bayan mutanen, da tsawon inuwarsu, da irin bindigogin da ke hannunsu, har suka nuna cewa a arewacin Kamaru abin ya faru. A 2020 kotun soja ta ɗaure huɗu daga cikin sojojin shekara goma-goma.

Ta uku ita ce kyautar duPont. Wata mata ce, Jessie Ball duPont, ta kafa ta a 1942 don tunawa da mijinta, kuma tun 1968 Jami'ar Kolumbiya ke kula da ita. Ta masu aikin labarai a rediyo da talabijin ce, kuma ƙananan tashoshi na garuruwa ma suna cin ta, kamar yadda manya ke ci.

A nan gida akwai lambar Wole Soyinka ta binciken ƙwaƙwaf, wadda aka fara a 2005. Wata cibiya ce da ke Legas ke ba da ita. Abu ne mai kyau, amma Legas da nisa, kuma labarin da kakanninmu ke ji da Hausa yake zuwa musu, ta rediyon da ke rataye a rumfa.

Me ya shafi Anka da Gummi da Bukkuyum?

Wani zai ce ina ruwan yaron ƙaramar sakandare da kyautar da ake rabawa a Amurka. Ruwanmu shi ne, yankinmu ya ga amfanin labari da idonsa, ya kuma ga illar rashinsa.

A farkon 2010 ƙananan yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da Sunke da 'Yargalma da Tungar Guru. Yaro zai fara amai, ya shiga jijjiga, ya suma, kafin wani lokaci a ce ya cika. A watan Maris na shekarar ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da yawan mace-macen, bincike kuma ya nuna gubar dalma ce. Duwatsun da ake haƙowa don neman zinare suna ɗauke da dalma. Ana kawo su cikin gida, a daka, a niƙa, ƙurar ta kwanta a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara aƙalla 400 suka rasu. Yawancinmu ba a haife mu ba a lokacin. Da waɗannan yara suna raye, da su ne yayyenmu, wasu ma da suna jami'a yanzu.

An share ƙasa mai guba a ƙauyuka da dama, aka zuba sabuwa, aka ba yara magani. Amma Bagega ta daɗe tana jira. Likitoci sun ce ba amfanin ba yaro magani alhali zai koma ya yi wasa a cikin ƙurar da ta sa masa ciwon, don haka sai an fara share garin. Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin kuɗi a 2012, kuɗin bai fito ba. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto, wasu matasa ƙarƙashin Follow The Money suka yi ta kururuwa a intanet, 'yan jarida suka yi ta maimaita sunan Bagega. A farkon 2013 aka saki kuɗin, aka fara aikin share garin a shekarar. Darasin a fili yake. Labarin da aka faɗa sau ɗaya aka bari, iska ke ɗauke shi. Wanda aka yi ta bin diddiginsa shi ne ya motsa hukuma.

Ga misali na biyu. A farkon watan Janairun 2022 'yan bindiga suka kai hari ƙauyuka a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe. Mazauna yankin suka ce sun kai 200. Mun yi lissafi a allo, tsakanin 58 da 200 akwai 142. Kowane ɗaya daga cikinsu, idan har ya mutu, yana da suna, yana da uwa, yana da gona. Ɗan jaridar da zai bi gida-gida, ya tambayi limami da mai unguwa da waɗanda suka yi jana'iza, ya rubuta sunaye ɗaya bayan ɗaya, ya yi aikin da ya cancanci a kira shi gaban jama'a a yaba masa. Ko a lokacin da aka sace ɗalibai mata a Jangebe a watan Fabrairun 2021, da farko 317 aka ce, daga baya aka ce 279 ne. Ƙidaya tana da wuya a lokacin tashin hankali, shi ya sa mai yin ta da kyau yake da daraja.

Misali na uku shi ne watan Satumban 2021, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin Zamfara na tsawon makonni. Ba kira, ba saƙo, ba WhatsApp, ba Facebook. Manyanmu suna ba da labarin yadda kowa ya koma ga rediyo da abin da direbobi suka kawo daga hanya. A irin wannan hali, idan mai magana a rediyo ya faɗi abin da bai tabbatar ba, gari guda zai iya kwasar kaya ya gudu a banza. Idan kuma ya ɓoye gaskiya, mutane za su bi hanyar da bai kamata su bi ba.

Akwai kuma wani abu da ke ci mana tuwo a ƙwarya. Sunan garuruwanmu ba ya cika fitowa a labarai sai an yi mutuwa. An ji Gummi a daminar 2024 saboda ambaliya da kifewar kwale-kwale. To bayan ruwa ya janye fa? Wa ya koma ya ga ko an sake gina gidajen, ko manoman shinkafa sun samu iri, ko an kawo rigunan ruwa ga masu fito? Muna da manoma, da masunta, da maƙera, da mata masu ƙuli-ƙuli da ke biyan kuɗin littafin 'ya'yansu, da malaman da ke koyar da yaran 'yan gudun hijira. Su ma labari ne.

Me ya sa muka ce jami'a?

Domin mai ba da kyauta shi ke nuna hanyar da masu neman kyautar za su bi. Idan ɗan siyasa ne ya ba ɗan jarida mota ko kujerar Makka, gobe da wane baki zai tambaye shi ina kuɗin rijiyar da aka yi alkawari? Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Idan kamfani ne, zai so a yabi hajarsa. Idan gwamnati ce, to ai ita ce 'yan jarida suka fi bincika, kuma ba a sa ɗalibi ya duba takardar jarrabawar mai sa masa ido.

Abin da ya faru a 2022 ya nuna ana bukatar alƙali na tsakiya. A watan Yuli BBC ta fitar da wani shiri a kan 'yan bindigar Zamfara, wanda wani matashi ɗan jihar nan, Yusuf Anka, ya gabatar. Wasu suka ce shirin ya buɗe wa duniya ido a kan halin da muke ciki. Gwamnatin Tarayya ta ce ya ɗaukaka 'yan ta'adda. Hukumar kula da kafofin watsa labarai ta ci tarar kamfanonin da suka nuna shi naira miliyan 5 kowanne, ta kuma ci tarar gidan talabijin na Trust TV saboda nasa shirin a kan matsalar. Mu yara ne, ba mu za mu yanke wannan hukunci ba. Amma muna ganin ya dace a samu malamai masana da za su zauna su duba irin wannan aiki da ma'auni, su ce nan an yi daidai, nan an wuce gona da iri, su kuma faɗi dalili.

Jami'a ta dace da wannan. Aikinta ke nan, duba takarda da ba da maki bisa hujja. Kuma tana daɗewa. Gwamna shekara huɗu ko takwas yake yi ya sauka, amma Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana nan tun 1962, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato tun 1975. Jami'ar Bayero da ke Kano tana da tsangayar koyar da aikin sadarwa, har da gidan rediyonta. A jiharmu akwai Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, ga kuma jami'ar jiha a Talata Mafara. Ɗaya daga cikinsu za ta iya ɗaukar nauyi, ko su haɗa hannu su riƙa karɓa-karɓa.

Aikin jarida da Hausa kuwa ba baƙo ba ne da za a ce bai kai a karrama shi ba. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya a watan Janairun 1939, Abubakar Imam ne editanta. Sashen Hausa na BBC ya fara magana a 1957. Gidan rediyon Kaduna ya buɗe a 1962. Gasar Hikayata ta gajerun labarai, wadda BBC Hausa ta fara a 2016 domin mata, ta nuna cewa idan aka sa gasa da Hausa, masu basira za su fito daga inda ba a zata ba.

Irin lambar da muke so

Muna ba da shawarar a kasa ta gida biyar.

Na ɗaya, rahoton rediyo mafi inganci daga ƙauye, da Hausa ko da Fulatanci, wanda aka ji muryar mutanen wurin a ciki.

Na biyu, kyautar bin diddigi, ga wanda ya koma wuri bayan wata shida ko shekara ya duba ko an cika alkawari.

Na uku, kyautar tantance jita-jita, ga wanda ya kama wani hoto ko saƙon murya da ke yawo ya nuna da hujja cewa ƙanzon kurege ne, ko kuwa gaskiya ne.

Na huɗu, labarin mafita, wanda ke nuna yadda wasu mutane suka magance matsalarsu domin wasu su koya.

Na biyar, kyautar ƙungiyoyin 'yan jarida na makarantun sakandare. Ba za mu ɓoye ba, a nan muna da namu a ciki.

Sannan a kafa dokoki. Kada a karɓi ko kwabo daga mai shiga gasa. Kada a sa wa lambar sunan wanda ke kan mulki. A bayyana sunayen alƙalai, a sa mata a cikinsu, a sa tsofaffin ma'aikatan rediyo, a kuma sa aƙalla mutum ɗaya da ya zauna a karkara. A karanta dalilin da ya sa aka zaɓi kowane aiki, da Hausa, a gidan rediyo, kowa ya ji. Kuma duk aikin da ya nuna fuskar yaron da aka sace, ko ya tona asirin wanda ya ba da labari har ya jefa shi cikin haɗari, a fitar da shi daga gasa komai kyansa.

Abin da masu ja da mu za su ce

Wasu za su ce ana fama da yunwa da rashin tsaro, wa ke ta lambar yabo. Gaskiya ne yunwa ta fi gaggawa. Amma taimako ba ya zuwa inda ba a san ana wahala ba. Bagega ba ta samu kuɗin share guba ba sai da sunanta ya hana manya barci. Kuma abin da muke nema ba ya cin kuɗi mai yawa. Zauren taro jami'a na da shi, malamai tana da su. Abin da ya rage takardar shaida ce da 'yar na'urar ɗaukar murya ko kuɗin mota ga wanda ya ci.

Wasu za su ce a ƙasar nan lambar yabo saye ake yi. Mu ma muna jin haka a bakin manya. Shi ya sa muka ce a bayyana alƙalai da dalilansu, a kuma sake sa aikin da ya ci a rediyo. Idan aka ba rahoton banza kyauta, masu sauraro a Gummi da Bukkuyum za su gane, jami'ar ce kuma za ta ji kunya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wasu za su ce kyauta za ta sa matasa su riƙa kutsawa daji don neman suna. Wannan tsoro yana da tushe, don rai ya fi kowace takarda. Amsarmu ita ce, a auna ingancin hujja da amfanin labarin ga jama'a, kada a auna yawan haɗarin da mutum ya shiga. Wanda ya zauna a asibiti ko a sansanin 'yan gudun hijira ya saurari mata hamsin da haƙuri zai iya fin wanda ya ɗauko hoton bindiga.

Wasu kuma za su ce aikin kirki don Allah ake yi, ba don tafi ba. Haka ne. Amma malamanmu ma don Allah suke koyarwa, kuma ba wanda ya ce laifi ne a gode musu. Yabo yana nuna wa na baya wanda ya kamata su yi koyi da shi. Idan ba a nuna mana gwanayen gaskiya ba, to masu yawan mabiya a waya za mu ɗauka su ne gwanaye, ko da rabin abin da suke yaɗawa shaci-faɗi ne.

Mu fara daga bangonmu

Ba za mu naɗe hannu muna jiran jami'a ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Daga wannan zango, duk labarin da za a manna a wannan allo sai ya amsa tambaya uku. Wa ya faɗa? Da idonsa ya gani, ko ji ya yi? An tambayi ɗaya ɓangaren? Idan labari ya kasa amsa su, zai jira mako mai zuwa. A darasin addini ma an koya mana mu bincika labari kafin mu yaɗa shi, don kada mu cuci wanda bai ji ba bai gani ba.

Muna roƙon shugaban makaranta, cikin ladabi, da ya sa kyautar rubutun labari cikin jerin kyaututtukan ƙarshen shekara, ko da littafin rubutu ne da biro biyu. Muna roƙon malaman Hausa da na Turanci da na ilimin zaman jama'a su zama alƙalanmu, su kuma gaya mana dalilin zaɓinsu a taron safe. Muna roƙon malamanmu da suka yi karatu a Gusau ko Sakkwato ko Kano ko Zariya su kai wannan kira ga malamansu na can. Yayyenmu da ke shirin shiga jami'a, ku tafi da shi a aljihu.

Ku kuma 'yan'uwa ɗalibai, akwatin ƙungiya yana nan a ƙofar ofishin malamai. Wanda bai yarda da ra'ayinmu ba ya rubuto nasa da hujja, za mu manna shi a nan gefen namu. Wanda ke da labarin unguwarsu, na rijiya ne ko na gona ko na gada, ya kawo, mu taya shi tantancewa.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya kawo mana zaman lafiya a Anka da Gummi da Bukkuyum da Zamfara baki ɗaya, ya kuma tsare masu fita neman gaskiya domin jama'a. Amin.

Daga ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare, a madadin Ƙungiyar 'Yan Jarida ta makaranta.